Keke, Tafki da Hurumi: Darasi Daga Tafkin Neusiedl



A garuruwanmu na arewacin Kamaru keke ya rasa daraja. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur da a gan shi yana tuƙa keke, kuma dattijon da har yanzu ke hawansa zuwa kasuwa ana yi masa kallon wanda zamani ya bari a baya. Amma akwai wata ƙasa a tsakiyar Turai inda likitoci da attajirai ke ajiye motocinsu, su yi hayar keke, su yi kwana biyu ko uku suna zagaya wani tafki mai taɓo da ciyayi. Ra'ayinmu shi ne mutanen nan sun yi daidai, kuma abin da suka yi ya fi kusa da tarbiyyar kakanninmu fiye da yadda muke zato.

Tafkin shi ne Neusiedl, wanda mutanen Hangari ke kira Fertő. Yana kan iyakar Ostiriya da Hangari, kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da birnin Biyana. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 315, amma zurfinsa ko a tsakiya bai kai mita 2 ba. Fiye da rabinsa dogayen ciyayin ruwa ne irin na kyauro, waɗanda ake yanka da hunturu a sayar don baibayar gidaje. Akasarin ruwansa na sama ne, kuma rana ce ke shanye shi. Daga 1865 zuwa 1871 ya ƙafe ƙaf har mutane suka yi shuka a cikinsa, sannan ruwa ya dawo. A gabashinsa akwai ƙananan tafkuna masu gishiri, dangin kanwa, da ke bushewa su bar farin ɓawo a ƙasa. Duk wanda ya san Tafkin Cadi ya ji wannan siffa zai ce ai ɗan'uwansa ne aka haifa a ƙasar sanyi.

Hanyar keke da ta kewaye shi ta kai kimanin kilomita 125, wani yanki a Ostiriya, wani a Hangari. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka tsoho da yaro duk suna iyawa. Mafi yawan hanyar an raba ta da titin mota, ta bi ta gonakin inabi da makiyaya da gefen fadama, ko da yake a wasu wurare takan ratsa cikin gari. Wanda ƙarfinsa ya gaza sai ya ɗora kekensa a jirgin fito daga Illmitz zuwa Mörbisch ya rage tafiya. A kan ruwan ma an taƙaita jiragen da ke shan mai. Na filafilai da na lantarki su ne na jama'a. Har zuwa 1989 waya mai ƙaya da sojoji ne suka raba gaɓar nan gida biyu. A ranar 19 ga Agusta na shekarar, kusa da garin Sopron, aka buɗe wata ƙofa ta ɗan lokaci, mutanen Jamus ta Gabas sama da 600 suka tsallaka. Yau mai keke na wuce wannan iyaka a kan kekensa.

Me ya sa hana mota ya zama alheri? Dalili na farko na tsuntsaye ne. An ƙidaya nau'i sama da 300 a wannan yanki, kuma tsuntsuwar da ke kwanci ba ta jure ƙarar inji da ƙura. Mai keke yana wucewa shiru, an kuma wajabta masa tsayawa kan hanya, ya hau hasumiyar katako idan yana son kallo, ya bar tsakiyar fadama ga masu ita. Dalili na biyu na aljihu ne. Mai mota yana iya zagaye tafkin tsakanin hantsi da azahar, ya koma birni da kuɗinsa. Mai keke kuwa yunwa na kama shi, ƙishirwa na kama shi, tayarsa na sacewa, dare na riskarsa. Dole ya tsaya a ƙauye ya ci abinci, ya nemi mai gyara, ya kama ɗaki. Tafiyar hawainiya ita ke rarraba arzikin baƙo gida-gida, shi ya sa ƙauyukan gaɓar suka riƙe hanyar da hannu bibbiyu.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda aka yi da masu ƙasa. Hangari ta kafa gandunta a 1991, Ostiriya ta bi baya a 1993, hukumar UNESCO ta sa yankin cikin kayan gadon duniya a 2001. A ɓangaren Ostiriya ba a ƙwace filaye ba. Sun zauna a hannun masu su, mutum sama da dubu, hukuma na biyan su kuɗin haya duk shekara. Bayan haka, masana sun gane cewa tun da kiwo ya ja baya ciyayi da sarƙaƙiya suka cinye filayen da tsuntsaye ke ƙwai. Sai aka dawo da garke: shanun Hangari masu furfura da dogayen ƙahoni, ɓaunan ruwa, dawakai da fararen jakai. Kofaton saniya ya zama kayan aikin mai tsaron gandu. Mu da muka saba jin cewa makiyayi shi ne abokin gabar daji, ya kamata mu tsaya mu yi nazari a nan.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai. Littattafan fiƙihu sun san hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a kusa da Madina. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, ya kuma umarci mai tsaronta da ya sassauta wa masu 'yan dabbobi kaɗan, ya fifita su a kan manyan garkunan mawadata, domin talaka idan dabbarsa ta mutu ba shi da madogara. A ƙasar Hausa sunansa hurumi, kuma burtali ɗan'uwansa ne. Kiyaye wuri tare da barin mai ƙaramin ƙarfi ya ci daga gare shi tsohuwar hikima ce a wurinmu.

Za a ce mana Turawa sun ƙoshi ne shi ya sa suke wasa da keke, mu kuwa muna neman na tuwo. Za a kuma tuna mana cewa tun da aka sace wani iyali na Faransawa a yankin Waza a 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa daga can. Maganar tsaro gaskiya ce, ba mai kiran baƙo inda shi kansa bai kwana da ido biyu rufe ba. Amma maganar ƙoshi tana da amsa. Hanyar keke ita ce mafi arha cikin hanyoyi, kuma mu ne za mu fara morar ta kafin kowane bature: ɗalibi mai zuwa makaranta, mai kifi da ke kai kaya kasuwa, yarinyar da babur ba zai bankaɗe ba.

Su ma can ba su gama da matsala ba, kuma kuskurensu darasi ne. A 2022 ruwan tafkin ya yi ƙasa irin wanda ba a gani ba tun 1965, wani tafki maƙwabcinsa mai suna Zicksee ya bushe, kifaye suka mutu. Ƙananan tafkunan gishirin nan da suka haura ɗari a ƙarni na 19 yau ba su kai rabin haka ba, saboda magudanai da rijiyoyin ban-ruwa sun janye ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kyakkyawar hanyar keke ba ta shayar da fadama. Idan ruwa ya tafi, tsuntsu zai bi shi, baƙo ya bi tsuntsu.

Mu mun san wannan a jikinmu. Da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, ambaliyar Logone ta daina isa wani babban yanki na fadamar Waza, kiwo da su suka durƙushe, sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwa wata kafa, ciyawa da kifi suka fara dawowa. Kuma akwai igiyar da ta ɗaure mu da wancan tafki. Fararen shamuwa da ke sheƙa a kan rufin gidajen garin Rust sukan tashi a ƙarshen bazararsu, su bi ta Turkiyya da Masar, da yawa daga irinsu su sauka a Sudan da Cadi. Tsuntsun da suka tsare can, idan fadamunmu suka mutu, wahalarsu ta tashi a banza.

Saboda haka kiranmu ga sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin matasa shi ne mu daina zama 'yan kallo idan ana maganar gaɓar ruwa, ko a Maga ne, ko Lagdo, ko bakin Binuwai a Garwa. Mu tsiraru ne, amma hannunmu na cikin kifi da fatauci da noman rani, don haka muna da bakin magana. Idan hukuma ta zo raba filayen bakin ruwa, mu haɗa kai da maƙwabtanmu masunta da makiyaya mu nemi a bar zirin hanya na ƙafa da keke, a bar mashaya, a rubuta haƙƙin mai ƙaramin fili kafin mai babban gini ya iso. Gyaran gaɓa tun tana fili ya fi sauƙi a kan rushe katanga daga baya, kuma da ma an ce rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu, Ya albarkaci ruwayenmu, Ya sa mu miƙa su ga jikokinmu da rai. Amin.