Yawan giga ba shi ne ƙarfin kwamfuta ba

Duk wanda ya taɓa neman kwamfuta ta hannu a shagunan Yamai ko Maraɗi ya san zancen masu sayarwa: "Alhaji, wannan giga uku ce, gudu take kamar iska." Ɗalibi ko mai shagon buga takardu ya ƙirga jaka ɗari da ɗoriya ya miƙa, ya je gida na'ura ta riƙa jan ƙafa. Ni a ganina lambar nan ta giga ta ci kuɗin mutanenmu da yawa, ya kamata mu daina auna kwamfuta da ita kaɗai.

Gigahaz ɗaya na nufin agogon da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta yana bugawa sau biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Amma lambar ba ta faɗin yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu, ba ta kuma faɗin saurin hanyar da ke kawo bayanai daga ma'ajiya, wadda ake kira bas. Ka ɗauki magini mai zafin hannu wanda amalanken jaki guda ke kawo masa bulo. Komai saurinsa, rabin yini a zaune zai yi yana jira. Haka aka yi da Celeron mai megahaz 766 a shekarar 2000, wadda bas ɗinta ke tafiya a kan megahaz 66 kacal.

Kamfanin Intel kansa ya gwada tseren lamba ya bari. Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8 a 2004, tana shan wuta fiye da wat 100, tana zafi, har kamfanin ya fasa fitar da mai gigahaz 4. A 2006 sai ga Core 2 Duo mai gigahaz 2.4 ta wuce ta nesa ba kusa ba, don kowane bugu nata ya fi ɗaukar aiki. Shi kuwa tsohon bas ɗin, AMD ta kauce masa tun 2003, Intel ta bi sahu a 2008, suka shigar da mai kula da ma'ajiya cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Wani zai ce ai giga ba ƙarya ba ce. Haka ne, idan ƙwaƙwalwa biyu 'yan gida ɗaya ne, zamani ɗaya, mai giga da yawa ita ce gaba. To amma a kasuwarmu kayan shekaru daban-daban ne a jere kan tebur guda. Core i5-2520M ta 2011 gigahaz 2.5 ce, injinta biyu, wat 35. Core i5-8250U ta 2017 an rubuta mata 1.6, amma injinta huɗu, wat 15, kuma ta fi waccan aiki sosai. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana tafiya, wannan bambanci na wat ba ƙaramin abu ba ne ga batir.

Shawarata, kafin ka zaro kuɗi, ka sa a nuna maka cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar, ka tambayi yawan RAM, ka duba ko ma'ajiyar SSD ce. Sannan ka buɗe aikin da za ka riƙa yi da ita a nan cikin shago. Mai sayarwar da ya hana ka gwadawa, ka bar masa kayansa.