Tawadar da Ruwa Bai Ci Ba

A daminar bara rufin ofishina ya yi yoyo a ƙarshen mako, ruwa ya kwana biyu yana ɗiga a kan kantar da nake ajiye littattafan bincikena. Ranar Litinin na tarar da biyu daga cikinsu sun jiƙe sharkaf. Dukkansu suna ɗauke da hirarrakin da na yi da wasu dattawa lokacin da nake neman digirin digirgir, kuma da yawa daga cikin dattawan nan sun riga mu gidan gaskiya. Littafi na farko da wata shuɗiyar tawada mai ɗaukar ido na rubuta shi. Shafukansa sun koma kamar an tsoma su a baba, ba harafi ɗaya da ke karantuwa. Na biyu kuwa, wanda na rubuta da tawada mai duhu da ban taɓa ganin kyanta ba, ya kumbura ya yi tabo, amma kowace kalma tana nan daram.

Tawadar da ta tsira ita ce Pelikan 4001 mai launin shuɗi-baƙi, ta wani kamfanin Jamus da ya fara aiki a birnin Hanoba. Ganin haka ya sa na sayi sabuwar kwalba, na yi watanni ina gwada ta da gangan, don in san abin da na daɗe ina amfani da shi a makance.

Mu fara da launi. Wanda ke neman ƙawa zai ji kunya. Idan ta sauka a takarda shuɗi ne mai toka-toka, kamar hadarin da bai gama haɗuwa ba. Sai an kwana biyu rubutun yake ƙara duhu. Dalilin wannan shi ne akwai sinadarin ƙarfe da na tanin a cikinta. Iska tana taɓa su sai su rikiɗe su zama baƙin abu wanda ba ya narkewa a ruwa, ya kama zaren takarda. Shuɗin da ido ke gani rini ne kawai aka ƙara don marubuci ya ga abin da yake rubutawa. Na tsoma shafi guda a kwano na minti goma: shuɗin ya ɗan zube, layukan toka suka rage, ana karanta su ba wahala.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamanmu na zaure sun bambance tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, wadda aka yi don a wanke, da tawadar takarda da ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera. Bagaruwar da majema ke jima da ita tanin ne ke cikinta, kashin maƙera kuma ƙarfe. Ashe abin da Bajamushe ya zuba a kwalba ɗan'uwan abin da kakanninmu suka jiƙa a tukunya ne.

Sai gudu a kan takarda. Tawada ce mai rowa, ba ta kwarara. A alƙalami mai siririn baki za ka ji yana ɗan kartar takarda, hannu kuma ya gaji idan rubutun ya yi tsawo. Amma rowar nan ita ce amfaninta a kan takardun da muke samu a jami'a, masu sha kamar tsumma. Tawada mai ruwa-ruwa kan bazu a kansu, harafi ya yi gashi, ta ɓullo ta bayan shafi. Wannan ba ta yi mini haka ba, kuma tana bushewa da wuri, abin da zai yi wa bahago daɗi.

Tana da nata sharuɗɗa. Da hunturu, idan na bar alƙalami a buɗe ina sauraron ɗalibi, sai na ɗan girgiza shi kafin ya tashi. Ba a barin ta ta bushe a cikin alƙalami, domin ƙarfen kan daskare ya toshe hanya. Ni duk bayan mako uku nake wanke nawa da ruwa zalla. Ba a kuma gauraya ta da wata tawada. Idan ta zuba a farar riga, sai dai haƙuri.

To, wa ya kamata ya saye ta? Wanda ke rubuta abin da za a nema bayan ba shi: alƙali, malamin asibiti, mai rubuta shaidar filaye, ɗalibi mai tattara bayanai daga bakin tsofaffi. Mai rubuta jerin cefane kowace tawada ta ishe shi.

Har yau littafin farko yana cikin aljihun teburina, na kasa jefar da shi. Wani lokaci nakan ɗaga shafinsa a hasken taga ko zan ga sawun bakin alƙalami. Na tsinci kalmomi kaɗan. Sauran maganar dattawan nan ta bi ruwa, don kawai ranar da na shiga kanti kyan launi na duba.