Tsarin Iyali: Ina Kason Maza?

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsarin iyali a ƙasar nan, jikin mace ake nufi. Ita ke shan ƙwaya, ita ake yi wa allura, kuma idan likita ya ce wani cikin zai iya halaka ta, ita ake yi wa tiyatar juyin mahaifa. Alhali akwai aikin da ya fi wannan sauƙi wanda ake yi wa maza, likitoci na kiransa basektomi.

Da yawanmu da jin sunan sai mu ce dandaƙa ce. Ba haka ba ne. Ana toshe siraran bututu biyu ne masu ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga maraina, cikin ƙasa da rabin awa, mutum ya koma gida ranar. Sha'awa da ƙarfin namiji suna nan, maniyyi ma yana fita, ƙwayoyin ne kawai babu. Sai dai aikin ba ya kankama sai bayan kimanin wata 3, kuma mayar da shi yana da wuya.

Ban ɗauki ɗari-ɗarin maza a matsayin jahilci zalla ba. Mai tunanin ƙarin aure, ko mai tsoron rasa 'ya'ya, yana da hujja. Tarihi ma ya bar tabo: a Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci tsakanin 1975 da 1977, an yi wa miliyoyin maza aikin, da yawansu bisa tilas. Sannan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa da yardar ma'aurata, ta kuma hana tsayar da ita dindindin sai bisa larura.

Tambayata a nan take: idan larurar ta tabbata, kamar matar da ke fama da ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda ya yawaita a Arewa, me ya sa ba a ko tambayar wanda zai ɗauki nauyin? Malamanmu da likitocinmu su zauna su fayyace mana.

Ba na cewa kowa ya tafi asibiti gobe. Wanda zai ƙi, ya ƙi bisa sani. Amma ya raka matarsa wurin likita, ya saurara, ya amince da hanyar tazarar da za ta tsare ranta. Cikin da zai iya kashe ta, su biyu suka samar da shi.