Bayan An Sauke Su Daga Mota, Wa Ke Da Alhakinsu?

 

Sanin kowa ne cewa fitinar da ta ɓarke a Maiduguri a shekarar 2009 ta raba mutane fiye da miliyan 2 da muhallansu, wasu dubbai kuma suka tsallaka iyaka, suka fake a sansanin Minawao na ƙasar Kamaru da aka buɗe a 2013, da yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, da Baga Sola ta ƙasar Chadi. A ranar 2 ga Maris 2017 Nijeriya da Kamaru da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar mayar da waɗanda suka zaɓi komawa. Aka kai rukunin farko Adamawa a 2019, aka kai wasu Banki da Bama a 2021, a 2025 kuma aka kwaso wasu daga Chadi. Daga 2021 ne kuma gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin da ke cikin Maiduguri.

Mu dai ba mu ga laifin komawa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma babu mai mutunci da zai so ya tsufa yana bin layin karɓar tsaba a ƙasar wasu. Amma tambayarmu ita ce: bayan an sauke waɗannan bayin Allah daga mota, an ɗauki hoto, manyan baƙi sun juya, wa ke da alhakinsu? Buhun hatsi da tabarma da 'yan kuɗin da ake miƙa wa magidanci ranar isowa ba sa kai shi kaka. Gidan da ya bari ya zama kango, ko kuwa ya tarar da wani ɗan gudun hijirar a ciki. Gonar tana nan, amma garin an kewaye shi da rami saboda tsaro, wanda duk ya yi nisa da ramin kuwa ya sayar da ransa. Ba mu manta da manoman shinkafa fiye da 40 da aka yi wa yankan rago a Koshebe, kusa da Zabarmari, a Nuwamba 2020 ba. A Satumba 2025 an kashe fiye da mutum 60 a Darul Jamal ta ƙaramar hukumar Bama, garin da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne agajin waje da aka jingina da shi ya ja baya. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, kuma a watan Yuli na shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai sa ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da maƙwabcin ya rufe ƙofa da yunwa zai kwana.

Mafi rauni a cikin masu komawa su ne matan da ke riƙe da gida su kaɗai. Akwai wadda aka kashe mijinta, ga marayu, ga gadon da ba a raba ba, ga dangin miji sun hau kan gona. Akwai kuma wadda ba ta san ko mijinta yana raye ko ya rasu ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta yi rajistar mutane fiye da 20,000 da suka ɓace a Nijeriya, akasarinsu sanadiyyar wannan fitina. Irin wannan mata ba ta da aure ba ta da takaba, shekara goma tana rataye. Alhali malaman Malikiyya sun daɗe da fayyace hukuncin matar wanda ya ɓace: ta kai ƙara wurin alƙali, a yi bincike, a yanka mata wa'adi, ta yi idda, sa'annan ta sami 'yancinta. Wa zai raka ta kotu? Wa zai biya mata kuɗin mota? Wannan aikinmu ne, domin babu wata hukumar Turai da za ta zo ta yi mana shi.

Ya 'yan'uwa, tarihinmu bai bar mu cikin duhu ba. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da jama'arsa suka dawo daga hijirar Habasha a shekara ta 7 bayan Hijira, sun tarar an ci Khaibar, amma Manzon Allah (SAW) ya ba su rabo daga ganimar, ko da yake ba su halarci yaƙin ba. Ke nan mai dawowa yana da haƙƙin abin da zai tsaya da ƙafarsa. Haka nan da Sa'ad ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Auf tayin rabin dukiyarsa a Madina, Abdurrahman kasuwa ya nemi a nuna masa. Mutumin Baga ya san su, mutumin Damasak ya san noman rani, matar Bama ta san ɗinkin hula. Abin da suka rasa shi ne jari, da iri, da koma, da hanyar da za su bi su kai kaya kasuwa su dawo lafiya.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Na farko, ga hukumomi: kada a mayar da kowa sai da yardarsa, kuma sai inda zai iya zuwa gona, rufe sansani ba ya nufin an rufe matsala. Na biyu, ga kwamitocin masallatai da rassa: a tsara zakka a daina watsa ta. Fakirai da miskinai da masu bashi da matafiyin da guzuri ya yanke masa duk suna cikin jinsuna takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma masu komawa sun shiga ta kowace ƙofa. Maimakon a raba naira ɗari biyar-biyar a bakin masallaci, a tara ushirin amfanin gona lokacin kaka, a zaɓi gari guda, a kai iri kafin saukar damina, domin irin da ya iso bayan an gama shuka abincin dare ɗaya ne. A rubuta abin da aka karɓa da abin da aka bayar, a karanta wa jama'a. Na uku, ga malamai da alƙalai: su zauna kan batun gado da iyakokin gonaki da matan waɗanda suka ɓace, tun kafin rigimar fili ta haifar da wata sabuwar fitina. Na huɗu, ga attajirai: ɗaukar nauyin karatun maraya ɗaya har ya kammala ya fi rabon shinkafa sau goma a gaban masu ɗaukar hoto.

Kada kuma a tambayi mabukaci ƙungiyarsa ko addininsa kafin a ba shi. Mutanen Gwoza da suka fake a Minawao akwai Musulmi akwai Kirista, wuta ɗaya ce ta kore su, maƙwabci kuwa yana da haƙƙi ko wane ne shi.

Lallai za a tambaye mu ranar gobe game da waɗannan raunana. Muna roƙon Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.