Ra'ayinmu: Hutun Bazara a Tazrouk, Kada Ciniki Ya Ci Kasuwa

Duk shekara idan aka rufe makarantu a Aljeriya, zafi kuma ya tsananta a garuruwan Sahara, jama'a kan haura duwatsun Ahaggar domin shan iska. Ɗaya daga cikin wuraren da ake zuwa shi ne Tazrouk, ƙaramin gari a arewa maso gabashin Tamanrasset, wanda yake a tudun da ya kai kimanin mita 1,800. Saboda wannan tudu yanayinsa yana da sauƙi, har ana noman 'ya'yan itatuwa irin su ɓaure da inabi a lambunan bakin ƙorama. A farkon watan Agusta kuma ake yin ziyarar shekara ta garin, inda Abzinawa da baƙinsu suke taruwa, a yi addu'o'i, a yi tseren raƙuma, a kaɗa tende, a ci a sha.

Sanin kowa ne cewa duk inda taro ya haɗu, ɗan kasuwa ba ya nisa. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu bin hanyar Agadas, Arlit, Assamaka da In Gezzam sun san wannan lokaci a matsayin kakar ciniki. Ba mu ga laifin neman halak ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne halin da ake barin irin waɗannan wurare a ciki bayan an watse: leda ta maƙale a ƙayoyi, robobin ruwa da gwangwanaye sun cika kwari, an sassare itace an dafa abinci da shayi. Wani kaso na wannan shara daga rumfunanmu ya fito, kuma gaskiya ce da bai kamata mu ɓoye wa kanmu ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a kan leda ɗaya ko reshe ɗaya? Amsar ita ce hamada ba kamar Kudu take ba. Itacen da ya tsiro a inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya girma, amma gatari zai kayar da shi cikin sa'a guda. Saiwarsa ce take riƙe ƙasar bakin ƙorama, ganyensa ne abincin raƙuma da awaki lokacin rani. Ledar da akuya ta haɗiye kuwa ba ta narkewa, tana toshe mata ciki har ta rame ta mutu. Mahauta a kasuwanninmu shaidu ne a kan abin da suke fiddawa daga tumbi. Hukumomin Aljeriya sun keɓe yankin Ahaggar a matsayin gandun da doka ta kare tun 1987, sannan a 2001 aka sa tafkunan dutse na Issakarassene, a 2003 kuma na Afilal, cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya. Waɗannan tafkuna su ne rayuwar makiyaya da dabbobin dawa, bai dace su zama wurin wanke mota ko zubar da baƙin mai ba.

Batun sauyin yanayi kuma ya wuce labarin da ake ji a rediyo kawai. A ranar 5 ga Yuli, 2018, zafi ya kai digiri 51.3 a Warglah ta Aljeriya. A damunar 2024 ambaliya ta hallaka mutane fiye da 300 a Nijar, ta lalata gidaje a tsohon garin Agadas, ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram. Zafi yana ƙaruwa, ruwan sama kuma idan ya zo sai ya zo a fusace. A irin wannan hali, kwarin da aka sare wa itatuwa aka cika shi da shara shi ne yake fara cin lambun mutane. Idan lambu ya tafi, dabba ta mutu, wa zai sayi kayanmu? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan tasha da su ɗauki matakai masu sauƙi kafin lokacin tafiya. Na farko, kowace mota ta tafi da buhunan da za a zuba shara, ta kuma dawo da su inda ake zubarwa. Na biyu, a rage ba da baƙar leda a kan kowane ɗan ciniki. Muna da kwando da jakar kaba da masaƙanmu suke yi, kuma sayar da su ma riba ce. Kada a manta cewa tun watan Nuwamba na 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda maras kauri da sayar da ita, ko da yake aiwatarwa ta yi rauni. Na uku, mai dafa abinci ya tafi da tukunyar gas maimakon ya dogara da gatari da gawayi. Na huɗu, a ɗauki ruwa a manyan jarkoki maimakon ɗaruruwan ƙananan robobi, a kuma haɗu a mota ɗaya idan tafiyar ɗaya ce.

Haka kuma muna roƙon hukumomin garuruwan da ake taruwa da su tanadi wurin zuba shara kusa da kasuwa, domin ba adalci ba ne a hana mutum zubarwa alhali ba a nuna masa inda zai zuba ba. Malamai da gidajen rediyon karkara su ma su taimaka da faɗakarwa cikin Hausa da Tamashek da Larabci.

Wani abin lura shi ne ziyarar Tazrouk tana zuwa kusa da ranar 3 ga Agusta, wadda a Nijar ake dashen itace a cikinta tun 1975. Bai kamata a ce muna dasawa a gida muna sarewa a gidan maƙwabci ba. Mutanen Tazrouk suna karɓar baƙi hannu bibbiyu, su ba da masauki da shayi. Mafi ƙarancin tukuicin da za mu ba su shi ne mu bar musu garinsu yadda muka same shi, domin baɗi ma muna son a yi mana maraba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.