Hutun Litinin ɗin Paki: daga Masar zuwa Damargu

Kowace shekara, tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu, akwai wata Litinin da ake rufe biro-biro na gwamnati daga Yamai har Tanut. Mushen lakkol na Gangara ya ajiye alli, ma'aikaci ya samu kwana guda na duba iyali, ɗan kasuwa kuwa ya ci gaba da awon hatsinsa. In an tambayi dalilin hutun, amsa ɗaya ce: "Paki ce, sallar Kirista." Daga nan magana ta ƙare. Ba abin mamaki ba ne, tun da ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Amma tushen wannan idi labarin bayi ne da suka fita daga hannun mai su, kuma Damargu ta san bauta sani na haƙiƙa.

Labarin kansa ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Fir'auna ya bautar da Bani Isra'ila, ya sa su bugun tubali, ya yi umurni a kashe ƴaƴansu maza. Annabi Musa ya fitar da su, teku ya tsage, rundunar Masar ta nutse. Abin da ya bambanta Kirista shi ne yadda suke karanta shi a Littafin Fitowa, littafi na biyu na Attaura. A daren fita, kowane gida ya yanka ɗan rago marar aibi, ya shafa jininsa a dogaran ƙofa, mutuwa ta ƙetare gidan. Daga nan aka samu Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke kira Pesa, sunan da ya bi ta Faransanci ya zama Paki. Linjila ta nuna cewa a kwanakin wannan idi ne Yesu Almasihu ya ci jibinsa na ƙarshe da almajiransa a Urushalima, kuma a cikinsu aka gicciye shi. Saboda haka, a bangaskiyar Kirista, shi ne ragon, jininsa ne fansa, Masar kuwa ita ce bautar zunubi da mutuwa. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya kwatanta ƙetare teku da baftisma: mutum ya shiga ruwa bawa, ya fito ɗa. Shi ya sa a majami'un Katolika, daren Asabar kafin Paki, ana iya rage wasu karatuttuka in lokaci ya ƙure, amma ba a tsallake babi na 14 na Fitowa.

To, a nan gardama ta taso, kuma ta daɗe. Ƴancin da ake magana na rai ne kawai, ko har da na jiki? Masu bayi da yawa da ke zuwa coci sun zaɓi amsa ta fari, domin ba ta taɓa dukiyarsu. Amma aikinsu ya tona su. A 1807 an buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a London domin bayin gonakin rake na tsibiran Karebiyan. An bar labarin Yusufu da aka sayar bawa, an bar dokokin da aka bayar a Dutsen Sina'i, amma babi 18 na farkon Fitowa, inda bayi suka fita, an cire su ƙaf. Wanda ya ɓoye wuƙa ya san tana yanka. Bayin Amurka kuwa da suka ji labarin cikakke sun ɗauke shi nasu, har suka laƙaba wa Harriet Tubman, wadda ta tsere a 1849 ta riƙa komawa tana fitar da ƴan'uwanta, sunan Musa.

Yadda labarin ya shigo harshen Hausa ya fi wannan ban mamaki, kuma hanyarsa ta ratsa Damargu. A watan Janairu na 1851 Turawa uku suka sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri na Annur, babban Kel Owey. Suka yada zango a Tagelel, ɗaya daga cikin garuruwan noma na Annur, a ƙasar nan ta hatsi da Gangara ke cikinta. A nan suka rabu. James Richardson, wanda yaƙi da cinikin bayi ne ya fito da shi daga Ingila, ya nufi Damagaram, inda ya ga an shigo da kamammu birni da idonsa. Bai kai Kukawa ba ya rasu cikin Maris. Heinrich Barth ya yi Tasawa, Katsina da Kano. Adolf Overweg ya bi ta Gobir da Maraɗi kafin ya isa Barno.

A Kukawa ne Overweg ya fanshi yara biyu. Ɗaya Abbega, Bamargi. Ɗayan Dorugu, Bahaushe, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda mahara suka kama yana ɗan yaro, aka bi da shi ta Damagaram aka sayar a Barno. Da Overweg ya rasu a 1852, yaran suka koma hannun Barth. Suka bi shi Sakkwato, Sayi da Tambutu, suka hau hamada ta Bilma, suka sauka London a 1855. Can wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da Hausa daga nesa, ya riƙe Dorugu a gidansa. Daga bakin yaron ya gyara Hausarsa, ya rubuta tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa. A shekarun nan ne Schön ya fitar da Farawa da Hausa a 1858, sannan Fitowa a 1859. Wato karo na farko da aka buga labarin fitar bayi daga Masar da wannan harshe, kunnen da ake gwada jimlolin da shi na yaron da aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa ne. Dorugu ya komo a 1864, ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Mishan ta SIM ba ta buɗe tasharta ta Damagaram ba sai 1924, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai 1932.

Akwai wani sashe na labarin da masu wa'azi kan wuce da sauri, alhali shi ya fi kama da halin ƙasar nan. Bayan teku sai jeji, shekara 40. Mutanen da aka ƴanta suka ji yunwa, suka fara begen tukwanen nama na Masar, har wasu suka nemi a koma. Ana yawan karanta wannan a matsayin butulci. Wanda ya san tarihin Damargu zai yi musu uzuri. A ƙarni na 19 manyan Abzinawa na da garuruwan noma a nan, inda bayi da barori ke noma hatsin da ake ɗorawa raƙuma zuwa arewa. Dokar Faransa ta 12 ga Disamba 1905 ta hana bauta a takarda, amma ba ta raba gona ko rijiya ba. Wanda aka ce masa ya tafi, ba shi da akuya ko zangarniya ɗaya, ina zai nufa in ba ƙofar da ya fito ba? Attaura kanta ta hango wannan. A Maimaitawar Shari'a, babi na 15, an umurci mai sakin bawa kada ya sallame shi hannu wofi, sai ya ba shi daga garkensa da masussukarsa, kuma dalilin da aka kafa shi ne ya tuna shi ma bawa ne a Masar.

Nijar ta yi nata tattaki, a hankali. An kafa ƙungiyar Timidria a 1991. A watan Yuni na 2003 doka ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Amma a 1996, shekara 91 bayan dokar Faransa, an sayar da Hadijatu Mani, yarinya ƴar shekara 12 a jihar Tawa, a kan jika 240. An ba ta takardar ƴanci a 2005. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata shida, wai ta yi aure kan aure. Sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta kuma umurci a biya ta miliyan 10 na sefa. Shari'o'in gonaki tsakanin jikokin bayi da jikokin iyayengiji kuwa sun ci gaba da zuwa gaban alƙalai a jihohin Tawa da Tilaberi, inda ake tambayar wanda kakanninsa suka share dajin ya kawo shaidar cewa ƙasar tasa ce.