Shukar Da Ta Ƙoshi Ita Ke Jure Kwanciyar Ruwa

Duk wanda ya ga fadamun Kebbi a daminar 2020, ko gonakin kwarin Haɗeja a 2022, ya ga abin mamaki: bayan ambaliya ta lafa, masara tana tsaye cikin ruwa amma ganyenta ya yi rawaya, ya yanƙwane tamkar an yi fari. Jama'a da dama suna ɗaukar wannan a matsayin abin da ba shi da magani. A ganina, za a iya rage wani ɓangare na wannan asara idan muka gyara yadda muke ciyar da shuka.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa saiwa tana numfashi. Tana samun iskar oksijin daga 'yan ƙananan ramukan da ke cikin ƙasa. Idan ruwa ya cike ramukan nan, sai numfashi ya gagara, domin oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ɗan abin da ya rage ya ƙare. Saiwar da ba ta numfashi ba ta da ƙarfin zuƙar ruwa ko abinci. Shinkafa tana tsira ne saboda tana da hanyoyin iska a cikin jikinta, daga ganye har zuwa saiwa. Masara da gero da wake ba su da irin wannan gata sosai.

Ita ma ƙasar tana sauyawa. Ƙwayoyin bakteriya suna mayar da sinadarin naitirojin iska, ya tashi sama, saura kuma ruwa ya wanke shi. Ke nan yuriyar da manomi ya saya da tsada ta salwanta. Sinadarin ƙarfe kuwa sai ya narke fiye da kima, har ya zama guba ga shuka.

To, ina amfanin taki a nan? Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shukar da ta sami sinadarin fosfaras tun tana ƙarama, daga takin sufa ko kamfa, tana kafa saiwa mai ƙarfi, ta kuma tara abincin da za ta rayu da shi a kwanakin wahala. Sinadarin fotash yana taimaka wa ganye wajen daidaita fitar ruwa, yana kuma rage illar gubar ƙarfe ga shinkafa. Yuriya kuwa lokaci take bukata. Idan aka zuba ta da yawa gab da ambaliya, shinkafa takan yi ta tsawo a ƙarƙashin ruwa har ƙarfinta ya ƙare. Idan aka jira ruwa ya janye sannan aka ba da ita, shukar takan farfaɗo ta fid da sabon ganye. Don haka raba yuriya kashi biyu ko uku ya fi zuba ta gaba ɗaya.

Ba ina cewa taki yana maye gurbin magudanar ruwa ba ne. Kakanninmu da suka riƙa tayar da kunya mai tsawo a fadama sun san abin da suke yi, kuma takin gargajiya yana sa ƙasa ta yi saurin tsanewa. Iri ma yana da muhimmanci: shinkafar FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a Nijeriya a 2017, suna iya jure nutsewa na kimanin mako biyu. Amma ko iri mai kyau ba ya yin abin kirki cikin yunwa.

Kirana ga malaman gona shi ne su daina ba manomin fadama shawara iri ɗaya da ta manomin jigawa. Hukumomi kuma su kai taki kafin shuka, su kuma tanadi yuriya da za a raba da zarar ruwa ya janye, domin 'yan kwanakin nan ne ke raba wanda zai girbe da wanda zai tashi hannu rabbana.